Ranar da Nomau Ya Zama Burtu

Tun kafin ladan ya yi gyaran murya Nomau ya gama shiri. Ya ɗura albarushi a ƙaho, ya rataya bindigarsa ta toka, ya sauko da kan burtu daga jikin bango ya hure masa ƙura. Itace ne da aka sassaƙa kamar wuyan tsuntsun, aka manna masa baki na gaske da jar fata a maƙogwaro. Maharbi kan ɗaura shi a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya duƙa ya shiga cikin namun daji, su ɗauka tsuntsu ne yake kiwo.

Matarsa Tabawa ta miƙa masa ƙullin dakuwa ta ce, "Malam, mutumin da sai an kama shi yake tashi daga tabarma, shi ne zai je Fadamar Gwankaye?"

Ya ce, "Ai babu tabarma a can."

Fadamar nan tana can ƙuryar daji, bayan duwatsun da ko makiyaya ba sa haurawa. A garinsu, maharbin da bai kawo ƙahon gwanki daga can ba, makaɗa ba sa kiran sunansa ranar wasan maharba, komai yawan naman da ya ciyar da gari. Nomau ya so zuwa tun yana saurayi, mahaifinsa ya dube shi sama da ƙasa ya ce ba yanzu ba, ya ƙi faɗin dalili. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Da ya yi aure sai gona da 'ya'ya suka riƙe shi. Yanzu ga furfura, ga baya ya ranƙwafa kamar ƙotar fartanya, kuma 'ya'yansa sun sa ya yi alkawari daga wannan rani zai rataye bindiga. In bai samu gwanki a wannan tafiya ba, shi da jin sunansa a bakin ganga har abada.

Abokin tafiyarsa Jatau ne, taubashinsa, ƙato mai faɗin ƙirji wanda ƙarfinsa bai fara raguwa ba. Ya taɓa zuwa fadamar yana matashi, ya dawo hannu rabbana, amma hakan bai hana shi baki ba. Suna ratsa gamba mai raɓa yana cewa, "Tsoho, wurin nan na masu jini a jika ne. Ka makara. Ni dai an aiko ni ne in dawo da kai a kafaɗa."

Nomau ya ce, "To, ka adana kafaɗar, za ta yi amfani."

Suka bar gonaki, suka shiga dajin marke da ƙirya, inda ƙudan tsando ke cizo ta cikin riga. Suka kwana a kan fako, suka hau dutse Nomau na tafiya yana hutawa, gwiwarsa na ƙara kamar tsohon ƙyaure. A gangaren suka fara ganin sawu: siririn kofaton barewa, tonon mugun dawa a gindin taura, sai kuma wani faffaɗan kofato da ya nutse cikin laka, gefensa bai bushe ba. Jatau ya dube shi, surutunsa ya ragu. Ɓauna ce, kuma ita kaɗai take yawo.

Da hantsi suka leƙa ta bayan wata kanya, sai ga fadamar shimfiɗe har iyakar gani, kore shar a tsakiyar rani, ruwa na ƙyalli a tsakiyarta. Can nesa ga gwankaye suna kiwo, ƙahoninsu sun lanƙwasa baya. Nomau ya daɗe yana kallo, idonsa ya kawo ruwa don daɗi. Sai dai daga kanyar zuwa garken babu itace, babu suri, babu abin da zai ɓoye ko zomo.

Jatau ya ce shi zai fara, don tsoho ya ga yadda ake yi. Ya ɗaura burtu, ya duƙa, ya shiga fili da sauri kamar an biyo shi. Kafin ya ci rabin tafiya ƙugunsa ya ɗauki zafi. Ya daure, ya ƙara daurewa, can dai ya ɗan miƙe don ya sarara. Gwankaye suka ga burtu ya yi tsawon mutum, suka yi huci suka zuba a guje. Ya dawo yana dafe da ƙugu, yana cewa iska ce ta juya.

Sai da la'asar garken ya dawo. Nomau ya saki toka tsakanin yatsu ya ga inda iska ta nufa, ya ɗaura nasa burtun, ya lulluɓa. Bai ma duƙa ba, don bayansa ya riga ya duƙa da kansa. Ya shiga fili yana ɗingisawa, ya taka, ya tsaya saboda gwiwa, ya sunkuyar da kai bakin burtu ya caki ƙasa, ya sake takawa. Haka yake tafiya kullum zuwa masallaci. Bai yi nisa ba wasu burtaye na gaske suka sauko kusa da shi, suka dube shi a karkace, suka ci gaba da cakar fara tare da shi kamar ɗan gidansu.

Daga nan ciyawa ta motsa a damansa. Ɓaunar nan ta miƙe daga laka, baƙa wuluk, taɓo na zuba daga ƙahonta. Ta matso har yana jin warinta da zafin hucinta. Jatau tuni ya kai reshen kanya na sama. Da Nomau saurayi ne da ya zura da gudu, da kuma ta tattake shi kafin ya kai ko'ina. To, gudun ma babu shi. Sai ya sunkuya ya caki ƙasa, ya ɗingisa gaba cikin 'yan'uwansa burtaye. Ɓauna ta kaɗa kunne, ta yi tsaki da hanci, ta koma ta kwanta.

Haka ya yi ta tafiya har ya shiga tsakiyar garke. Ya zaɓi wani babban namiji mai kaurin ƙaho, ya zaro bakin bindiga ta ƙarƙashin zane, ya saita bayan kafaɗa. Bindiga ta yi tsawa, hayaƙi ya turnuƙe, fadama ta watse: ɓauna ta yi gabas, burtaye suka tashi suna zaginsa. Gwanki ya yi tsalle ya faɗi. Nan ƙafafun Jatau suka yi rana, ya diro ya sheƙo da wuƙa, ya yi bisimilla ya yanka kafin rai ya fita.

Nomau ya zauna a ciyawa yana dariya, hawaye na bin gemunsa. Ya tuna yadda mahaifinsa ya dube shi sama da ƙasa, lokacin shi Nomau yana miƙe sambal kamar gora. Ya ce a ransa, Allah ya jiƙanka, Baba, ashe bayana kake kallo.

Jatau ya saɓa cinyoyin nama a kafaɗar da aka ce ya adana, yana nishi. Ya ce, "Tsoho, ni yaushe zan dawo in ɗauki nawa ƙahon?"

Nomau ya rungume ƙahoninsa, ya dube shi sama da ƙasa.

Ya ce, "Ba yanzu ba."