Fitilar Baffa Tamu

Illa mai gyaran rediyo a Waca ya raba dare a shago, ya tasa takardar zanen a gaba. Fitila yake haɗawa, irin wadda da an taɓa ta sai ta kama. Baffansa Tamu ne ya roƙe shi tun kafin damina, don yatsunsa sun ƙandare, ba ya iya danna tocila. Zanen ya gagari Illa, ya yi ta cewa sai an gama girbi. Ana cikin girbin tsohon ya fita kewayawa cikin duhu, ya taka kububuwa, bai kai asuba ba.

Sai yau Illa ya gane. Ƴar kibiyar nan ta cikin zanen da ta tokari sanda hanyar wuta take nunawa, shi kuwa a juye ya dinga sa ƙwan fitilar. Gyaran bai kai shan shayi ba. Ya juya ƙwan ya liƙe da dalma, kafin ya sa mata pil, wato batir, sai tocilarsa ta mutu.

Aka yi sallama ƙasa-ƙasa. Gyare suka yi tsit. Wani ya shigo yana jan ƙafa ɗaya, warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika shagon.

"An gama, ɗana?"

Pil ɗin na nan damƙe a hannun Illa. Ya ji farce ya taɓa ƙarfen fitilar, sai ta kama. Yatsun a ƙandare suke.

"Ashe ba wuya," in ji muryar.