Saƙon ZAX 19

A ƙarƙashin mangwaron da ke gaban kemis ɗin da take aiki a Romi Vivian ta fara ganinsa. Maza huɗu sun zagaye allon Scrabble, wasan haɗa kalmomin Turanci, wani dogo a cikinsu ya ajiye haruffa uku: ZAX.

"Babu wannan kalmar a Turanci," ta ce daga bakin ƙofa.

Ya ɗago kai, ya yi murmushi. "Akwai, 'yar'uwa. Ƙaramin gatari ne na masu rufin gida. Ba ni lambarki, in riƙa turo miki irinsu."

Sunansa Shekari, malamin firamare. Tun daga ranar, kullum da safe sai saƙonsa ya shigo, kalma da makinta a wasa:

"WAX 13, SAX 10, ZAX 19. Haddace su, Tauraruwata. Ma'anarsu sai mun haɗu."

Ita kuma ta amsa: "Malamina, wayo ne kawai don ka gan ni."

Bayan shekara guda aka sa ranar Asabar da danginsa za su zo gaisuwa. Ranar Alhamis da safe ta fito daga wanka ta tarar da mahaifinta, Baba Bulus, riƙe da wayarta.

"Mene ne wannan? Haruffa da lambobi. Kullum!"

"Baba, wasa ne..."

"Mijin Martha ma wasa ya ce."

Yayar Vivian, Martha, ta dawo gida da 'ya'ya biyu tun da mijinta ya sayar da keken ɗinkinta saboda cacar ƙwallo. A aljihunsa Baba ya taɓa ganin takardu masu irin waɗannan haruffa da lambobi.

"Ba zan ba ɗan caca 'ya ta biyu ba. Ki ce kada su zo."

Ta durƙusa, ta yi bayanin allo da maki, har muryarta ta dushe. Bai ko dube ta ba. Can ya ce, "Kira shi. Ya same mu a mahaɗa yanzu."

Shekari ya iso da alli a hannun rigarsa, ya rusuna ya gaishe shi. Baba bai amsa ba, ya nuna shagon caca da ke tsallaken titi.

"Masu shagon nan sun san duk wanda ke buga musu a unguwar nan. Wuce gaba."

Baba dattijon ikkilisiya ne, shekara ashirin. Ko inuwar shagon ba ya bi. Masu acaɓa suka bi su da kallo har suka shige.

Matar da ke kan na'ura ta ɗago kai, ta miƙe zumbur.

"Malam Shekari!"

Baba ya rufe ido. Vivian ta dafa bango.

"Kin san shi ke nan," in ji Baba a hankali.

"Wa bai san shi ba? Sau uku yana shigowa nan yana jan ɗalibansa da kunne zuwa waje. Oga ya ce in ya sake zuwa a rufe masa ƙofa. Don Allah Baba, ku fita da shi kada a kore ni."

Baba ya miƙa mata wayar. "Buga wannan tukuna."

Ta danna ZAX 19, ta duba, ta sake dannawa. "Wannan ba lambar caca ba ce, Baba. Na'ura ma ba ta gane ta ba."

A waje Baba ya daɗe tsaye yana share gumi da hularsa.

"To mece ce WAX?"

"Kakin zuma, Baba."

"SAX fa?"

"Abin busawar nan na mawaƙa a coci."

"Sai ka rubuta haka mana, ɗana! Ka kusa kashe ni." Ya mayar da hularsa. "Na riga na yi kuskure sau ɗaya. Ban bincika ba, na ba da Martha."

Shekari ya durƙusa a kan ƙasar titin, bai damu da jama'a ba. "Ku bincika har ku gaji, Baba. Ina nan."

Baba ya ɗago shi da hannu biyu. "Asabar ƙarfe sha biyu. Kada ku makara."

A watan Disamba aka ɗaura aure a majami'ar Romi. Da fasto ya tambayi wanda ya ba da amarya, Baba Bulus ya miƙe, ya sa hannun Vivian cikin na Shekari, ya riƙe su duka biyu har sai da jama'a suka fara dariya.

"Ni ne," ya ce. "Da idona biyu na ba da ita. Ubangiji ya zaunar da ku lafiya."

Majami'a ta ɗauka da "Amin", muryar Martha ta fi ta kowa.