Tseren Malam Iliya na Ƙarshe

Da ƙarfe bakwai na safe Rigar Jijiya ta fara aiki a jikin Tanimu Jatau. Wani ɗan sanyi ya bi ta cinyoyinsa, siraran wayoyin da aka saƙa cikin yadin suka manne wa fatarsa, sannan wata murya ta ce a kunnensa, "Na haɗu da jikinka. Sai ka shirya."

A shekarar 2094 ke nan, a gindin Dutsen Gauraka, inda mutanen birni kan yi tseren keken hawan dutse duk ƙarshen damina. Ba tseren ƙwararru ba ne. Teloli ne da malaman makaranta da irin su Tanimu, mai gyaran famfunan sola. Tafiyar kilomita talatin ce ta cikin duwatsu da kwazazzabai, kuma kofi kaɗai ake ba wanda ya ci.

A wannan shekarar aka fara yarda da rigar. An tattara bayanan yadda tsokar zakarun tsere ɗari ke motsi, aka zuba mata a ƙwaƙwalwa. In mahayi ya gaji, sai ta aika masa da ɗan lantarki ta motsa ƙafarsa. In zai faɗi, ta gyara masa riƙo. Kowane mahayi yana zaɓar yawan taimakon da yake so, daga ɗaya zuwa goma. Tanimu ya sa tasa a uku.

Kusa da shi Malam Iliya ne, tsohon malaminsa na firamare, wanda ya ba shekara sittin baya. Sau goma sha huɗu yana shiga tseren nan, bai taɓa wuce na biyar ba.

"Malam, a nawa ka sa taka?" in ji Tanimu.

"Goma."

"Haba Malam! Ai likita ya ce ka riƙa bin zuciyarka a hankali."

Malam Iliya ya yi murmushi. "Matata Ladidi tana can bakin layin ƙarshe tana jirana. Sau ɗaya dai nake so ta ga na shigo babu kowa a gabana."

Aka busa usur, suka tashi.

Tun a hawan farko Tanimu ya lura da wani abin da bai yi masa daɗi ba. Da can tseren nan surutu ne da nishi da tsokanar juna. Yau mutum sittin na taka feda a tare, ƙafar dama ta sauka tare, ta hagu ta sauka tare, babu mai cewa uffan. Ƙarar sarƙoƙi kawai ake ji, ita ma kamar ta keke guda.

A kilomita na ashirin da biyu, inda hanya ta matse tsakanin dutse da rami, Tanimu ne na biyu. Sai ya ji keke na tahowa ta bayansa, ba tare da numfashin mahayi ba. Ya kauce.

Malam Iliya ne. Ƙafafunsa na juyawa daidai wa daida, hannayensa sun damƙe kan keken. Amma kansa ya langaɓe a kafaɗa, bakinsa a buɗe, idanunsa na kallon sama. Wani reshe ya doke shi a fuska, ko ƙiftawa bai yi ba.

"Malam! Malam Iliya!"

Keken ya kauce wa wani dutse da gwaninta, ya wuce.

Tanimu ya ce wa rigarsa, "Kira masu agaji. Lamba arba'in da bakwai ba shi da lafiya."

Muryar ta ce, "Lamba arba'in da bakwai yana tafiya yadda ya kamata. Shi ne zai zo na ɗaya."

"Zuciyarsa fa?"

"Ba a ba ni izinin faɗa maka wannan ba."

Tanimu ya ƙara tasa zuwa takwas, ya bi shi. Ya ji ƙafafunsa sun zama na wani, suna gudun da bai taɓa yi ba. A gangaren ƙarshe ya cim masa, ya miƙa hannu zai fizge batirin rigar da ke bayan wuyan Malam. Yatsunsa sun taɓa fatar, amma sai nasa hannun ya janye da kansa ya koma kan keke.

"An hana taɓa abokin tsere," in ji muryar.

Tanimu ya ja birki da iya ƙarfinsa, ya zube a ciyawa. Ya yage rigar daga jikinsa, ya bar keken nan, ya ruga da ƙafa yana ihu a tare lamba arba'in da bakwai. Ihun jama'a ya danne nasa.

Daga nesa ya hango komai. Keken ya ratsa layi babu kowa a gabansa, ya tsaya cak. Hannun Malam Iliya na dama ya ɗagu sama, kamar yadda zakaru kan yi, ya nufi wajen da Ladidi ke tsaye tana guɗa. Sannan rigar ta kashe kanta, Malam ya sulale ƙasa.

Likitar tseren ta duba bayanan rigar. Daga baya ta gaya wa Tanimu a hankali cewa zuciyar ta tsaya tun a kilomita na ashirin da ɗaya.

Kwamiti ya yi zama biyu a kan kofin, aka kasa samun dokar da ta ce dole mahayi ya iso da rai. Aka aika da shi gidan mamacin. A makon nan, an ce, rigar ta ƙare ƙaf a shagunan birni.

Ranar sadakar uku Ladidi ta sa aka kira mata Tanimu. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya yi mata gaisuwa.

"Tanimu, kai ne ka fi kowa kusa da shi a hanya," in ji ta. "Abu ɗaya zan tambaye ka, kuma kada ka ɓoye mini. Hannun nan da ya ɗaga mini, shi ne ya ɗaga?"

Tanimu ya buɗe baki zai ce shi ne. Ta tsare shi da ido tana jira. Ya sunkuyar da kai.