Ruwan da Kawu Jatau Ya Sha a Badagiri

Ku matso. Ke Ladidi, rage fitilar nan. Kun dame ni da tambayar abin da ke sa Inna Kande kuka duk lokacin da ta kalli jarkar da ke bayan ƙofarta. To ku saurara, kuma kada wanda ya katse ni.

Kawu Jatau shi ne ɗanta ɗaya tilo. Lokacin yana tuƙa motar albasa zuwa Ikko. Ranar da zai tafi ta riƙe hannunsa ta ce, "Jatau, an ce ruwan teku na maganin gwiwa. Ka ɗebo min ko kaɗan ne."

Ya ce, "An gama, Inna."

Da ya sauke kaya sai ya wuce Badagiri. Kun san shi da son ganin ƙwaƙwaf. Ya shiga gidan tarihi, ya ɗaga sarƙar da aka ɗaure bayi da ita, ya ji nauyinta har cikin ransa. Bayan la'asar wani mai kwalekwale ya haye da shi tsibirin da ake bi a fita teku. Mutumin ya ji Hausa a zango. Ya ce, "Malam, ka dawo kafin magariba. Akwai rijiya a hanya. Ita ake shayar da bayi su manta gida kafin a zuba su a jirgi. Ko wa ya ba ka, kar ka sha."

Kawu ya isa bakin teku ya cika jarkarsa. Da ya juyo a lokacin, da shi ke nan. Amma ina! Sai ga wata ƙatuwar kififiya ta fito daga ruwa, ta haƙa rami tana zuba ƙwai, hawaye na bin idonta. Ya tsuguna yana kallo. Bai ankara ba duhu ya rufa.

Ya kama hanya tsakanin itatuwan kwakwa. Ƙaguwoyi na gudu a gabansa. Can sai suka tsaya cak. Iska ma ta tsaya.

"Sannu, ɗan nan."

Hausa ce, amma irin ta da, wadda ko kakanni ba sa yi. Wata tsohuwa ce zaune a bakin rijiya. Ya durƙusa ya gaishe ta. A nan ya ga ƙafafunta. Idon sawunta ya zagaye da tabon ƙarfe. Yashin jiƙe yake, amma babu sawu ko ɗaya sai nasa.

Ta ce, "Na sha ruwan nan, sai na mutu kafin jirgi ya tashi. Ina so in koma gida. Ban san sunan garinmu ba. Duk wanda na tambaya sai ya ruga."

Wallahi da ni ce, da tuni na kai kwalekwale. Amma Kawu ɗan wanzami ne, ya tashi yana ganin ana tsaga. Tausayi ya kama shi. Ya haska fuskarta da tocila, ya ƙirga tsagar da ke kuncinta. Shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan.

Ya ce, "Iya, ai ke Bagobira ce. Mutuniyar Gobir."

"Gobir," in ji ta, a hankali. "Gobir." Ta fashe da kuka. "Ga uwata can tana kaɗi a gindin tsamiya. Ɗan nan, ba ni da abin ba ka. Ga ruwa dai, ka sha wahalar hanya."

Ta miƙo ƙoƙo da hannu biyu.

Ya tuna maganar mai kwalekwale sarai. Amma ku faɗa min, wane ɗan Bahaushe ne babba zai miƙo masa ruwa yana kuka, ya kau da kai? Ita ba da mugunta ta ba shi ba. Ta manta abin da ruwan yake yi. Ya ce a ransa zai taɓa leɓe kawai. Ɗigo ɗaya ya wuce.

Da ya ɗago, babu kowa.

Ya dawo gida lafiya. Ya gane hanya, ya gane matarsa, har akuyar gidan ya gane. Inna Kande ta taso tana ɗingishi, tana "Oyoyo ɗan albarka!"

Ya tsaya da jarka a hannu. Ya rusuna da ladabi ya ce, "Sannu, Iya. Wa kike nema?"

An yi rubutu, an yi hayaƙi, an kai shi asibiti. Shekara tara ke nan. Kullum da safe sai ta gaya masa ita ce ta haife shi, ya ce to, ya gode. Washegari a sake. Ruwan tekun kuma ta ƙi shafawa. Ta ce ranar da ya ɗebo shi yana sane da ita, shi kaɗai ya rage mata.

Don haka in Allah ya kai ku bakin teku, kada ku bi hanyar rijiyar nan ku kaɗai. Ladidi, share hawayenki. Tashi ki kai wa Inna ruwan alwala.