Rigar Sulken Bahago

Ranar da wani soja, Gumilar, ya fara shiga shagon ɗinkin Abah Sukarya, ruwa ake tafkawa a garin Cimahi, irin na bayan azahar da ba ya sallama. Ya shigo a jiƙe sharkaf, rungume da rigar sulkensa. Wida, 'yar mai shagon, tana bayan tebur tana ɗaura aljihun wayar oba-oba a rigar wani, ko kai ba ta ɗaga ba. Garin bariki ne, kuma duk yarinyar da ta tashi a nan kakin soja ba ya sa ta ƙyafta ido.

"Neng, Abah yana nan?" ya tambaya. A nan Neng ake kiran budurwa, Abah kuma uba.

"Yana masallaci. Aje a nan."

Ya aje, ta duba. Kai jama'a! A bayan kowane aljihu akwai igiyoyi, a jikin rigar kuma akwai layuka, sai an saƙa su ciki da waje kamar tabarma kafin aljihu ya zauna daram. Shi kuwa bawan Allah zura su kawai ya yi, ga aljihun harsashi can yana reto.

"Wa ya yi maka wannan aika-aika?"

"Ni ne."

"To, Allah ya yafe maka."

Tana jawo rigar, almakashi ya zame daga bakin tebur. Kafin ya kai ƙasa Gumilar ya cafe shi, da hannun hagu.

Sai a lokacin ta dube shi sosai. Dogo ne, siriri, kunnuwansa a buɗe, da fuskar mutumin da ke ba da haƙuri tun kafin ya yi laifi.

"Akang bahago ne," ta ce, da kiran girmamawar da ake yi wa namijin da ya girme ka, Akang ko Kang.

Ya waiga wajen ƙofa. "Da can ne. Kakata ta raba ni da shi, da ludayi take dukan hannun."

"Ai kuwa ludayin bai yi aiki ba."

Ta warware komai ta sake saƙawa. Wuƙa, tocila, jakar taimakon gaggawa, duk ta kai su inda hannun hagunsa zai faɗa ba tare da ya duba ba. Ya saka rigar, ya yi tsalle biyu, ba abin da ya motsa. Ya tsaya yana murmushi har ya manta da gaisuwar Abah da ya shigo.

Daga nan fa rigar Gumilar ta zama marar lafiya. Yau maɓalli ya saki, gobe igiyar kafaɗa tana damunsa, jibi yana jin kamar allon kariyar gaba ya karkace. Wida ta duba ta ga lafiya lau, ta gyara abin da bai lalace ba, ya aje mata ƙunshin bala-bala mai zafi, wani irin ƙosan kayan lambu, ya tafi. Da la'asar sai saƙo ya shigo.

"Neng, yau na yi gudu da rigar har bayan dutse, ba abin da ya girgiza sai ni."

"Ka rage cin shinkafa, Kang Bahago."

"Ba shinkafa ba ce. Tunawa na yi da mai saƙar."

Ta karanta sau uku, ta kife wayar a ƙarƙashin yadi, ta ɗinka hannun jaka a baibai. Son shi take yi, ba wani kwana-kwana, kuma kowa a layin ya gane kafin ita.

Abah ma ya gane. Tsohon soja ne, ya dawo daga aiki da ƙafa ɗaya gajera da keken ɗinki, kuma rabin samarin barikin a hannunsa suke gyara rigunansu. Yana son su, yana zaginsu, yana ɗaga musu allon ƙirji har gindin wuya in sun sake shi ƙasa don gayu. Amma 'yarsa? Wannan wata magana ce daban.

"Ina ɗinka musu riga, ba na ba su 'ya," ya ce wata safiya, idonsa a kan allura. "Ga Dendi nan. Shi ma yana saka sulke, amma ranar Lahadi kawai, kuma kafin magariba ya dawo gida."

Dendi ɗan mai sayar musu da yadi ne, shugaban masu wasan harbi da bindigar roba. Yaro ne mai kirki, ba a ƙi ta tasa ba. Sai dai rigarsa aljihu a kan aljihu ce, har da wanda ba a san abin da za a zuba ciki ba, duk don hoto. Ranar da ya zo taɗi sanye da ita, ƙugiyarta ta kama labulen Ambu, mahaifiyar Wida, ta tsinko shi da sandarsa.

"Abah, in na auri Kang Dendi, a wane aljihu zai sa ni?" Wida ta tambaya bayan ya tafi.

Ambu ta tuntsire da dariya a kicin. Abah bai yi ba.

Ana cikin haka Gumilar ya ɓace na 'yan makonni, sun shiga daji atisaye. Da ya dawo ko bariki bai zauna ba, ya taho shagon da zumuɗinsa, ya shimfiɗa rigar a tebur wai a duba masa ɗinkin gefe.

Wida ta kalli rigar, fuskarta ta canza. Jakar taimakon gaggawa ta tashi daga hagu ta koma dama. Wannan da sauƙi. Abin da ya soke ta shi ne saƙar: a matse, a miƙe, an lanƙwasa jelar igiya an cusa ta ciki tsaf. Masu wannan sana'a suna gane hannun juna kamar yadda ake gane rubutu. Wannan ba hannunta ba ne, ba kuma na Gumilar ba, wanda ko igiyar takalminsa da ƙyar take zama. A tsallaken titi kuwa akwai wani shagon ɗinkin, a cikinsa kuma akwai Nining, mai dogon gashi da dariyar da ake ji daga bakin kasuwa.

"Ta iya aiki," Wida ta ce a hankali.

"Wa?"

"Wadda ta taɓa maka riga. Mayar mata ta ƙarasa."

"Neng, tsaya ki ji, ai wannan..."

"Akwai masu jira a bayanka, Kang."

Ba kowa a bayansa sai kyanwa. Ya kwashi rigarsa ya fita jiki a sanyaye. Saƙonninsa suka yi ta shigowa, ba ta buɗe ko ɗaya ba. Abah ya ga an rabu ba da hannunsa ba, ya ƙara sautin rediyo, har da bin waƙa.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci, wani ƙaton mutum ya cika ƙofar shagon, gashin baki kamar burushin takalmi, Gumilar a bayansa ya sunkuyar da kai. Saje Marpaung ne, shugaban rukuninsu, mutumin da raɗarsa ma a tsallaken titi ake ji.

"Ina yarinyar da ta ce ni budurwa ce?"

Wida ta miƙe, zare a baki.

"Ni na saƙa jakar nan, 'yata, da waɗannan." Ya ɗaga yatsu kamar ayaba. "Yaron nan ya daina cin abinci, jiya ya yi wa bishiya sarawa. Aikinki yana da kyau, wuƙa da tocila na bar su inda kika sa. Amma jakar magani a rukunina a dama take, ga kowa, bahago da badame. Jakar nan ai ba tasa ba ce. Ta wanda zai tsugunna a kansa ce, yana lalube cikin hayaƙi."

Abin haushin, Wida ta san wannan ƙa'ida tun tana firamare, a bakin Abah ta ji ta. Ran farko hannun mutum ɗaya kawai take tunani, ta manta da na abokansa, daga baya kuma kishi ya ƙarasa rufe mata ido. Kunya ta kama ta kamar ta nutse. Amma bayan Saje ya sha shayinsa ya tafi, ba kunyar ce ta zauna mata ba. Maganar wanda zai tsugunna a kansa ce. Ta shekara da shekaru tana ɗinka jakar nan, ba ta taɓa hango fuskar wanda ke kwance a ƙarƙashinta ba sai yau.

Da yamma ta rubuta masa: "Kang, ka yi haƙuri. Na yi kishi da mai gashin baki."

"Na haƙura, Neng geulis, kyakkyawata. Amma akwai magana. Bayan babbar salla za a tura mu aiki gabashin ƙasa, za mu daɗe. Ina so in zo gaban Abah kafin nan."

Ya zo da kawunsa, sanye da rigar atamfar batik da ta yi masa yawa. Abah ya karɓe su da mutunci, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce: "Ban ce a'a ba. Ya je ya dawo. In ya dawo da ƙafafunsa, sai mu yi magana."

Kowa ya gane nufinsa. Baƙi suka yi godiya suka tafi.

Wida ba mai gardama da uba ba ce. Sai da aka ci abinci, Ambu tana kwashe kwanuka, sannan ta durƙusa kusa da keken ɗinkinsa.

"Abah, ina da tambaya."

"Ina ji."

"In wani abu ya sami soja a can, wa ake kira?"

Ƙafar Abah ta tsaya a kan keken. "Matarsa. In ba shi da ita, iyayensa."

"Akang ba shi da uwa, ba shi da uba. Kawun nan za a kira, can ƙauye. Ni kuwa sai dai in ji a bakin masu kawo gyara, wani ya ce, kin tuna dogon nan bahago? In ce na tuna, in ci gaba da ɗinki." Ta ɗago ta dube shi. "Abah yana so ya raba ni da zaman jira. Ai na riga na fara, Abah. Ko da aure ko babu, jiran nan zan yi shi. Abin da nake roƙo, in yi shi a matsayin matarsa."

"Ke yarinya ce, ba ki san abin ba. Tambayi uwarki abin da ta sha."

"Ai da ka tambaye ni da kanka," in ji Ambu daga bakin ƙofa, kwano a hannu. "Na sha, ba ƙarya. Amma ranar da aka harbe ka a ƙafa, ni aka zo aka gaya wa, ni aka sa a mota, ni na zauna a gefen gadonka kana ta surutan banza. Da ban aure ka ba, wa zai bar ni in shiga ɗakin?"

Abah ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Auren soja sai da izinin manyansa, kuma ba sa sauri," ya ce daga ƙarshe, a fusace, kamar wani ne ya jawo jinkirin. "Ki gaya wa wannan sakaran ya fara nema gobe-goben nan."

An ɗaura aure ana saura mako guda su tashi. Dendi ya zo, ba sulke, shi ya ɗauki hotuna ma, kuma sun yi kyau. Aka zaunar da ango da amarya ƙarƙashin laima aka watsa musu shinkafa da alewa, yara na wawaso. Saje Marpaung ya yi kuka fiye da uwar amarya, har Nining ta miƙa masa hankici.

Da Gumilar ya durƙusa neman albarka, Abah ya dafa kansa ya daɗe bai ɗaga hannu ba.

"Na ba ka ita, Jang, ɗana. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari. Ka je da ranka, ka dawo da ranka."

Aka shafa da amin.

Ranar tafiya Wida ba ta yi kuka a bakin bariki ba. Ta koma shago, ta zauna a bayan teburinta, ta jawo rigar wani ta fara warwarewa. Wajen azahar wayarta ta yi ƙara.

"Neng, mun iso tashar jirgin ruwa. Kafin mu hau sun tambayi kowa wa za a kira. Na ba da sunanki, na ce matata ce."

Ta daɗe tana kallon rubutun. Abah yana satar kallonta ta saman tabarau. Ta share ido da gefen ɗankwalinta ta rubuta:

"Na karɓa, mijina. Allah ya sa har mu tsufa kada su taɓa kira."