Ɗakin Kajin Njidda

Yammacin da abin ya fara, Asta tana tsugune a gindin mangwaro tana wanke kaskon ruwan kaji. Rana ta faɗi, amma zafi bai bi ta ba. Hadari ya yi kwanaki yana haɗuwa ta gabas yana watsewa, iska ta tsaya cik, gumi na bin bayan mutum ko a zaune yake. Kajin da suka rage a gidan sun kewaye ta, bakuna a buɗe, fukafukai a sake. An fara kiran sallar magariba ke nan a masallacin Majidaɗi sai wani abu ya faɗo kan kwanon ɗakin kaji, ya gangaro ya tsaya a gabanta. Dutse ne. Ta ɗauka za ta jefar, ta sake shi da sauri, don zafinsa kamar yanzu aka ciro shi daga murhu.

Wani ya sake faɗowa, wani ya bi shi. Ta leƙa bayan katanga ko yara ne, ba kowa. Tana dawowa ta ji murya daga cikin ɗakin kajin, ɗakin da ta share da hannunta ta bar shi wayam.

"Inna, ruwa."

Muryar 'yarta Zulfa ce. Amma ga Zulfa zaune a ƙofar madafa, faifai a cinya, bakinta a rufe.

Asta ta san inda ta taɓa jin wannan kiran. Maigidanta Njidda tsohon dillalin shanu ne. Da aka mai da Jalingo babban birnin jiha, ma'aikata suka cika gari suna neman ƙwai, sai ya koma kiwon kaji a bayan gida. Ya kuwa iya. Bai yarda da maganin kwalba ba. Da bazara yakan jiƙa ɓawon maɗaci da tafarnuwa a ruwan shansu, a kaskon ƙasa, a canza shi da zarar ya yi ɗumi. Dusa da sassafe ne da yamma, ba a ba kaza abinci rana na tsaka. Ya haƙa musu wurin birgima a inuwar mangwaro, ya cika shi da yashi da toka mai sanyi saboda ƙuma, ya shimfiɗa ganyen dogon yaro a inda suke kwana. Idan ya ɗauki kaza yana lallashinta, Asta takan kawar da kai, don ba ta taɓa jin ya yi wa 'yarsa magana da wannan muryar ba.

Aibin kiwon nasa ɗaya ne: ɗakin na kwano ne, sama da gefe. Saboda haka ya kafa doka, da hantsi, bayan sun gama ƙwai, Zulfa ta buɗe su. To, wata Asabar Asta ta aike ta niƙa, ta ce ita za ta buɗe. An ɗauke wuta, Zulfa ta daɗe a layin inji. Asta kuma ta shiga barka maƙwabta, hira ta ɗauke ta. Da azahar aka buɗe ɗakin aka tarar da fiye da rabin kajin a miƙe.

Njidda bai yi faɗa ba. Ya jera gawarwakin, ya tambayi aikin wa ne. Zulfa ta dubi uwarta, uwarta ta dubi ƙasa. Sai ya kama yarinyar ya tura ta cikin ɗakin, ya sa kwaɗo, ya ce ta ɗanɗana abin da suka ɗanɗana, kuma duk wanda ya kai mata ruwa ya bi ta. Asta ta zauna a inuwa tana jin kiran yana ƙarfi, yana raguwa, har ya tsaya. Da magariba aka buɗe, Zulfa ta fito da ƙafarta, leɓɓanta a jiƙe kamar wadda ta sha ta ƙoshi. Ba ta yi kuka ba. Daga ranar ba ta ƙara magana ba.

Jifa ya zama na kullum, da an yi kiran magariba. Ruwa ya daina zama a gidan. A cika kaskon kaji, a juya baya, a tarar da shi a bushe har yana ƙura. Randa ma haka. Ƙauna, maƙwabciyarsu mai sayar da ƙosai, ita ke miƙo musu bokiti ta kan katanga, ita ce kuma ta fara faɗa wa Asta gaskiya da Hausarta ta koyo: "Maman Zulfa, yarinya nan ba shi kaɗai ne a jikinsa ba." Njidda ya ce sharrin masu hassada ne, ya kwashe kajinsa ya kai gidan ƙanensa a Yelwa don kada ƙishi ya kashe su. Sai da wata rana ya dawo ya tarar da Zulfa kwance a kan kwanon ɗakin da rana tsaka, fatar bayanta na tashi, tana murmushi, sannan ya yarda aka aika unguwar Kachalla Sembe aka kira Goni Abbo.

Goni dattijo ne siriri, ba ya son yawan magana. Ya zo da la'asar, ya sa aka shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, Ƙauna da Asta suka riƙe yarinyar. Ya fara karatu a hankali. Ganye ya daina motsi, kukan tsuntsaye ya ɗauke. Ya daɗe yana yi kafin jikin Zulfa ya sandare, ta buɗe baki, muryar wata tsohuwa ta fito, a shaƙe, ba gaggawa.

"Karatunka yana ƙona ni, Goni. Amma ka yi a hankali, na saba da zafi."

Ya tambaye ta ko wace ce, da abin da ya kawo ta. Ta ce tun wurin yana daji take zaune a ƙasan inda aka dasa ɗakin. An rufe ta da kwano ba ta yi ƙorafi ba, an zuba mata kashin kaji ta haƙura. Ranar nan tana hutawa aka jefo mata yarinya. Ta saurari yarinyar tana kira, ta jira wani daga cikin masu gidan ya zo, har harshen yarinyar ya kumbura. Da ta ga ba mai zuwa, sai ta shayar da ita. Wanda ya shayar da abin da aka yar kuwa, shi ke da shi.

Goni ya ce mata shiga jikin ɗan Adam zalunci ne, ta ji tsoron Allah ta fita.

"Ni ce azzalumar a gidan nan?" in ji muryar.

Goni ya ci gaba da karatu har yarinyar ta fara birgima, jini na fita ta hancinta. Muryar ta ce zai iya fitar da ita da ƙarfi, amma ya sani gidan da take ciki, wato jikin yarinyar, ya riga ya tsage, ba zai jure ba. Goni ya dubi jinin, ya tsaya. Ya gargaɗe ta cewa ba zai yanka mata ko tsako ba. Ta yi dariya ta ce ba ta cin jini. Abu ɗaya take so: wanda ya kulle yarinyar ya shiga ɗakin gobe da azahar, ba ruwa, makullin a hannun yarinyar.

Kowa ya dubi Njidda. Ya gyara hula ya ce shi magidanci ne, ba aljanar da za ta sa shi ɗakin kaji unguwa na ji. Ya ce a ba ta kaza, in ta ƙi a ba ta biyu, amma ban da masu ƙwai. Goni ya ce masa, "Njidda, 'yarka ce." Ya ce ai shi ya sa ya kira malami, malami ya yi aikinsa. Ya saka takalmi ya fita.

Asta ta ji bakinta yana cewa ita za ta shiga. Kan Zulfa ya juyo a hankali, idanun suka tsaya a kanta.

"Ke ai kin fi shi dacewa. Shi ya tafi kasuwa, bai ji ba. Ke kina nan zaune, inda kike yanzu."

Goni ya ce shi bai umarce ta ba, addini bai ɗora mata ba, kuma alkawarin aljani ba abin dogaro ba ne. Asta ta ce ta ji.

Washegari da azahar ta shiga. Kwaɗo ya yi ƙara a bayanta. Da fari warin ne ya dame ta, daga baya ta daina jin sa. Kwanon ba ya taɓuwa, ba inda za ta jingina, sai ta durƙusa a tsakiya. Gumi ya jiƙe zanenta, can kuma ya daina fita. Ta ƙudura ba za ta yi kira ba, amma da harshenta ya manne da dasashi sai ta ji tana kira, ba ta ma san wa take kira ba. Ta wata 'yar huda a jikin kwanon tana hango gindin mangwaro: Goni na karatu, Ƙauna na tsaye da kofi a hannu tana hawaye, Zulfa na zaune da makulli a tafinta.

Bayan la'asar kaɗan wata iska mai sanyi ta ratsa tsakar gidan, irin wadda ba a ji ba tun farkon bazara. Zulfa ta yi atishawa mai ƙarfi, ta kife. Muryar tsohuwar ta fito sau ɗaya, daga nesa, ta ce ta ga abin da take son gani, ta tafi. Goni ya tofa addu'a a ruwa ya shafa wa yarinyar a fuska. Ta buɗe ido, ta tashi zaune, ta gaishe shi da ladabi, da muryarta ta kullum. Ya sa ta karanta Fatiha, ta karanta ba tuntuɓe. Ya daɗe yana duban idanunta, bai ga kowa a ciki ba sai ita.

Ƙauna ta gode wa Allah da ƙarfi, ta nufi ɗakin da kofin. Asta ta rarrafa zuwa ƙofa, ta kai bakinta jikin hudar.

"Alhamdu lillahi, ta fita," in ji Goni. "Tashi, 'yata, ki buɗe wa innarki."

Zulfa ta dubi ɗakin. Ta ɗaga kai ta dubi rana ta cikin ganyen mangwaro, sannan ta dunƙule hannunta a kan makullin.

"Goni," ta ce, "ai magariba ba ta yi ba tukuna."