Farin Ulu a Tudun Vannoy

Ranar Talata, goma ga watan Yuli na shekarar 2018, Maribeth Vannoy ta tarar da wani mutum durƙushe a gindin bishiyar Kirsimeti cikin gonar mahaifinta, ya liƙa fuskarsa a jikin ɓawo.

"Idan addu'a kake yi, coci yana can ƙasan tudu," in ji ta.

Ya ɗago kai. Ƙaramin gilashi mai ƙara girman abu yana rataye a wuyansa. Sai da ta ɗan dube shi kafin ta gane Eliseo ne, ɗan Rogelio Barragán, mutumin da ya shekara ashirin da biyu yana yi wa bishiyoyin gidansu aski da wuƙa. Dukansu biyu ni na koya musu tarihi a sakandaren gundumar Ashe. Shi ya tafi jami'a yana siririn yaro, ya dawo malamin gona mai duba ƙwari.

"Zo ki gani, kafin ki yi mini dariya," ya ce.

Ta sunkuya, ya riƙe mata gilashin. A jikin ɓawon akwai ɗigo-ɗigo farare kamar ɓurɓushin auduga.

"Wannan ne ya durƙusar da kai, Mai-gilashi?"

"Shi ne."

Bai yi murmushi ba, amma bai janye hannunsa daga kusa da nata ba, ita ma ba ta janye ba.

Masana suna kiran wannan ƙwaro adeljid, mu kuwa mai-ulu muke ce masa. Daga Turai ya shigo wannan nahiya wajen shekarar 1900, cikin dashen da aka yi safara. A 1957 aka fara ganinsa a kan Dutsen Mitchell. Lokacin da na hau dutsen a 1968, bishiyoyin Fraser da kakanninmu suka sani, irin da muke nomawa don Kirsimeti, sun zama busassun sanduna masu launin toka, tsaye cikin hazo. Ƙwaron ba ya da fiffike. Iska ce take ɗaukar 'ya'yansa. Yana tsotsar bishiya har kanta ya karkace, itacenta ya yi ja ya taurare, ruwa ya daina hawa.

Da yammacin ranar saƙonsa na farko ya shigo wayarta.

"Na ƙirga bishiya sittin da uku masu ulu, duka a ɓangaren da iskar tudu take bugawa. Zan dawo Juma'a. Aikin zai iya jira har Litinin, ni ne ba zan iya ba."

Ta amsa: "Ka zo da gilashinka. Ni zan zo da shayi mai sanyi."

Haka suka cinye watan Yuli suna bin layuka, tana riƙe da takardar ƙirga, yana duba kawunan bishiyoyi. Ya sa mata suna Koriyata, wai don bai taɓa ganinta ba tare da koren ganyen Fraser maƙale a gashinta ba. Amma kowace Juma'a ƙirgar tana ƙaruwa, kuma tana ja da su sama, layi bayan layi, zuwa ga katangar duwatsu da ke ƙololuwar gonar.

Bayan katangar nan maƙabartar gidan Vannoy take. Tun 1931 al'adarsu ɗaya ce: duk wanda aka binne, sai a dasa masa Fraser a wajen kansa. Ba a yi mata aski, ba a fesa mata magani, ba a sa mata ƙarfe. Guda bakwai ne, tsofaffin sun fi rufin coci tsawo. Ta bakwai ita ce ta Darlene, mahaifiyar Maribeth, wadda aka dasa a 2001.

Eliseo ya tsallaka katangar shi kaɗai. Da ya fito, farin abu ya shafe masa hannun riga har gwiwar hannu.

"Har ta Mama?" ta tambaya.

"Ita ta fi duka."

Lahadi ta biyu a watan Agusta ita ce ranar gyaran kaburbura. Dangi suna taruwa, a share ciyawa, a sa furanni, a rera waƙoƙin coci, sannan a ci abinci a kan dogon tebur ƙarƙashin bishiyoyin. Ina wurin. A ranar Maribeth ta zaɓa ta zaunar da Eliseo kusa da ita, kowa ya gani.

Hoyt Vannoy, mahaifinta, mutum ne mai ƙarancin magana. Ya miƙa wa Eliseo burodin masara, ya ce, "Ɗan Rogelio, an ce ka yi ta ƙirga mini bishiyoyi. Me ka samu?"

Da Eliseo ya ɗan jinkirta maganar zuwa gobe, da wataƙila labarin ya canza. Amma an tambaye shi, kuma ba a koya masa kwana-kwana ba.

"Mista Hoyt, daga nan sama yake saukowa. Ko an fesa gonar sau goma, iska za ta sake kawo shi. Waɗannan bakwai ɗin sun wuce magani. Sai an sare su an ƙone kafin ƙwai su ƙyanƙyashe a bazara."

Cokula suka tsaya. Wata gwaggo ta dafe ƙirji.

Colby Eller, ɗan maƙwabcinsu, wanda yake sayar da maganin feshi kuma ya daɗe yana zagayen Maribeth, ya yi dariya a hankali.

"Kawu Hoyt, shekara huɗu a jami'a, abin da aka koya masa shi ne sare kabarin mutane. Ka bar mini gonar. Feshi uku, ko tururuwa ba za ta rage ba."

"Har ƙwarin da ke cinye mana mugayen za ka kashe," in ji Eliseo.

Hoyt ya ajiye cokali. "Matata tana kwance a nan. Ka ci abincina a kanta, ka ce in sa mata zarto. Ubanka mutumin kirki ne, saboda shi zan bar ka ka gama cin abincin. Daga yau kada ka sake taka gonata, kuma kada ka sake zama kusa da 'yata."

"Baba, tambayarsa ka yi," Maribeth ta ce.

"Na kuma ji amsar."

Colby ya yi feshinsa uku. Cikin Satumba gonar ta yi tsit, babu ƙudan zuma, babu gizo-gizo a tsakanin rassa. A saman katanga bishiyoyi bakwai suna tsaye, iska tana ratsa su tana gangarowa.

Saƙonni ne suka riƙe su a watannin nan.

"Koriyata, ki duba mini kawunan layi na ashirin. A miƙe suke?"

"Sun karkace kamar masu sauraron wani abu. Ina tsoro, Mai-gilashi."

"Ni ma. Kin ci abinci?"

A Nuwamba aka fara sara. Rogelio ne ya fara ji a hannunsa: zarto yana kuka yana tirjewa a itacen da ya kamata ya wuce kamar man shanu. Kututture bayan kututture, cikin itacen ya yi zobe ja. Mai sayen da yake zuwa daga Florida shekara goma sha biyar ya zagaya layukan sama, ya girgiza wata bishiya, ganye ya zube masa a takalmi. Ya bar kashi ɗaya cikin uku a tsaye, ya ƙi saye. Bishiyoyin da aka yi shekara takwas ana reno ke nan. Hoyt ya fara hawa tudu kullum da safe ya tsaya a bakin katanga.

Sai kuma ga Fabrairu. Wata safiya mai dusar ƙanƙara Colby ya aiko wa Maribeth hoto: Eliseo a kan tsani cikin maƙabarta, da almakashin reshe a hannu, a jikin bishiyar Darlene. Ƙarƙashin hoton ya rubuta: "Yana tara hujja ne zai kai ofishin gona, su zo su tilasta wa babanki. Na ga ya kamata ki sani."

Ta rubuta wa Eliseo: "Kai ne a hoton nan?"

"Ni ne."

"Ka sa ƙarfe a jikin Mama ba ka gaya mini ba?"

"Na sa. Ki ba ni sati takwas, zan nuna miki dalili. Ba zan yi miki alkawarin abin da ban tabbata ba."

"Kada ka sake kirana Koriyata."

Sati takwas ɗin nan ba ta amsa masa ko kalma ɗaya ba. Colby ya zo cin abincin Lahadi sau uku, da sabuwar hula. Dusar ƙanƙara ta narke. A jikin ɓawon bishiyoyin maƙabarta, ɗigon fari ya fara kumbura.

Ranar goma ga Afrilu Rogelio ya tsaya a ƙofar rumbu, hularsa a hannu.

"Maigida, shekara ashirin da biyu ban roƙe ka komai ba. Ka zo bayan gidana, kai da yarinyar. Minti goma."

A bayan gidan akwai ƙaramar rumfar leda mai ɗumi. Cikinta tukwanen dashe ne jere, kowanne an naɗe wuyansa da roba, an rataya masa takarda mai suna. Eliseo yana tsaye a ƙarshen layi.

"Kan reshe na yanka daga kowace bishiya, tun suna barcin sanyi," ya ce. "Na wanke su, na duba kowanne da gilashi, na yi musu aure da saiwar dashe mai lafiya. Ba 'ya'yansu ba ne, Mista Hoyt. Su ne da kansu. Na shiga gonarka bayan ka hana ni, wannan laifina ne. Amma da na jira izini, da lokacin ya wuce."

Hoyt ya bi takardun yana karantawa da ƙarfi, kamar mai kiran suna a coci. Ya tsaya a wurin da tukwane goma suka bushe ƙurmus.

"Wannan fa?"

"Ta kakanka Asa ce, ta 1931. Ba ko ɗaya da ya kama. Ta riga ta tafi."

Hoyt ya daɗe a wurin. Sannan ya matsa gaba. A kan takarda ta ƙarshe an rubuta Darlene. Tukwane tara, kowanne da toho kore shar a kansa, bai wuce ƙwayar wake ba.

Maribeth ta durƙusa. Ba tare da ta juyo ba ta miƙa hannu baya. Eliseo ya cire gilashin daga wuyansa ya sa mata a tafi. Ta duba ta sake dubawa.

"Babu ulu," ta ce. "Me ya sa ba ka gaya mini ba, wawa?"

"Da sun mutu duka fa? Da na sa kin binne ta sau biyu."

"Kira ni da sunan nan."

"Koriyata."

Ranar Asabar, goma sha uku ga Afrilu, aka sare bishiyoyin maƙabartar. Hoyt bai yarda wani ya taɓa ta Darlene ba, shi ya sare ta da hannunsa. Da ta faɗi, wata farar ƙura ta tashi daga jikinta, muka ja da baya muna kallon inda iska za ta kai ta. Aka tara su a kwari aka cinna wuta, hayaƙin ya kwana biyu a kan tudu. Colby bai zo ba, kuma ba a sake sa masa faranti ranar Lahadi ba.

Aka ɗaura auren ranar goma sha biyar ga Yuni, 2019, a bakin katangar duwatsu, domin amarya ta ce a nan take so. Matar Rogelio ta dafa tamale, wani ƙullin masara mai kama da alala, tukunya huɗu, gwaggonnin Vannoy suka kawo soyayyar kaza da kek na tuffa. Wurin babu inuwa yanzu, rana ta sauka kai tsaye a kan kaburbura. A wajen kan shida daga cikinsu akwai dashen da bai kai gwiwa ba. Na Asa babu komai.

Bayan fasto ya gama, Hoyt ya ɗora hannu ɗaya a kan 'yarsa, ɗaya a kan angon.

"Allah Ya ba ku zama lafiya, Ya ba ku 'ya'ya masu faɗin gaskiya ko a kan tebur," ya ce. "Idan nawa lokacin ya zo, ku dasa mini. Amma ku yi mata aski, ku riƙa duba ta. Kada ku bar ni in zama annoba ga jikokina."

Muka ce amin.

A lokacin iska ta taso daga yamma, daga gonar wani mamaci da magada suka yi watsi da ita a ƙetaren kwari, inda manyan bishiyoyi suke tsaye babu mai dubawa. Ta ɗaga mayafin amarya, ta ratsa ƙananan dashen. Na ga mutum uku, Hoyt da ango da amarya, sun juya fuska wajenta a tare.

Hoyt ya miƙa wa surukinsa hannu.

"Ɗana, ba ni gilashin nan. Nuna mini yadda ake riƙe shi."